Haƙurin Rodriguez Ba Ya Wanke Waɗanda Suka Ci Guminsa

Ranar 8 ga Agustan 2023 Sixto Rodriguez ya rasu a birnin Detroit na Amurka yana da shekara 81. Kafin labarin ya gama zagayawa, saƙonnin alhini sun fara kwarara, kuma mafi zafinsu daga nesa suka fito: daga Cape Town da Johannesburg, daga Sydney da Melbourne. Dattawa masu furfura suka riƙa fito da tsofaffin faya-fayan garmaho suna nunawa, kowa na faɗin inda yake ranar da ya fara jin muryar mutumin. Wanda ya bi saƙonnin nan a tsanake zai ga kusan duk labari ɗaya suke maimaitawa. Wani mawaƙi ne ya yi faifai biyu, ba wanda ya saya a ƙasarsa, ya koma leburanci, alhali a can wata nahiya ya zama gagarabadau bai sani ba. Masoya suka ɗauka ya mutu, suka nemo shi, suka same shi da ransa, kuma bai yi fushi da kowa ba. A nan labarin ke tsayawa, a kan haƙurinsa da wadatar zucinsa, sai a share hawaye a tashi.

Labarin gaskiya ne a yawancin sassansa, kuma ƙaunar da ke bayansa ba ta ƙarya ba ce. Abin da nake ja a kai shi ne wurin da ake dasa aya. Tunawar da ta ƙare a kan haƙurin wanda aka cuta, ba ta waiwayi cutar ba, ta fi yi wa masu tunawar daɗi fiye da yadda take yi wa mamacin adalci. Masoyan Rodriguez sun ceto shi daga mantuwa, wannan ba gardama. Amma da yawansu sun mayar da talaucinsa ado, suka ɗauki mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sukar zalunci suka maishe shi waliyyin da ba ya tambayar haƙƙinsa, suka kuma bar tambayar da ita ce asalin neman da aka yi masa: ina kuɗin suka shiga?

An haife shi a 1942, ɗa na shida ga wasu baƙi 'yan Meziko da suka zo Detroit neman aiki a zamanin da masana'antun ƙera motoci ke haɗiyar ma'aikata. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Ya tashi a unguwannin talakawa na birnin da a watan Yulin 1967 ya kama da wuta, aka kashe mutum 43 a tarzomar da ta ɓarke tsakanin baƙaƙen fata da 'yan sanda. Salon kiɗansa shi ne wanda ake kira folk rock, wato auren da aka ɗaura a tsakiyar shekarun 1960 tsakanin waƙar talakawa mai tafiya da jita ɗaya da kuma kiɗan lantarki mai ganguna, wanda Bob Dylan da ƙungiyar Byrds suka buɗe wa hanya. A wannan salo magana ita ce gaba, kiɗa yana biye. Wasu makaɗa biyu na Detroit, Mike Theodore da Dennis Coffey, su suka gan shi a wata mashaya kusa da bakin kogi, yana waƙa ya juya wa jama'a baya saboda kunya. Suka shirya masa faifansa na farko, Cold Fact, wanda kamfanin Sussex na Clarence Avant ya fitar a 1970. Na biyu, Coming from Reality, a Landan aka naɗe shi, ya fito a 1971. Duka biyun suka yi kwantai a Amurka, kamfanin ya sallame shi, shi ma kamfanin ya durƙushe a 1975.

Ya kamata a tsaya a kan abin da waƙoƙin ke faɗi, domin a nan ne tunawar masoya ta fi yin sakaci. Ba waƙoƙin lallashi ba ne. Suna magana a kan dillalin ƙwaya da yaran da ya ɗaure, a kan magajin gari mai ɓoye alƙaluman laifi, a kan shara da ba a kwashewa, a kan attajirai da 'yan siyasa da limaman da ba su san halin da talaka ke kwana a ciki ba. Kuma bayan kasuwar waƙa ta ƙi shi, bai canza ra'ayi ba. Ya shiga aikin rusau da gyaran gidaje, yana kwasar ɓaraguzai da ɗaukar kaya masu nauyi a baya. A 1976 ya sayi wani kangon gida a gwanjon gwamnati kan dala 50, a unguwar Woodbridge, ya gyara da hannunsa ya zauna a ciki har tsufansa. Ya yi karatun falsafa a jami'ar Wayne State ya gama a 1981. Ya tsaya takarar magajin garin Detroit, ya nemi kujerar kansila, ya nemi ta majalisar dokokin jihar Michigan, duk bai samu ba. Mutumin da ke fita yawon neman ƙuri'a bayan ya tashi daga rusau bai yi kama da wanda ya rungumi ƙaddara ya yi shiru ba. Shi da kansa yakan kira kansa mawaƙi ɗan siyasa.

A Afirka ta Kudu kuwa wata rayuwa ce daban ke gudana da sunansa. Tun farkon shekarun 1970 Cold Fact ya shiga ƙasar, ya bazu a tsakanin matasan fararen fata, a makarantun kwana da jami'o'i da barikokin soja, inda ake tilasta wa kowane saurayi farar fata aikin soja. Ƙasa ce da ko talabijin ba a bari ya shiga ba sai a 1976, cocin fararen fatar da ake kira Afirkana da gwamnatin wariya sun ƙulle kowace taga. Sai ga wata murya tana maganar jima'i da ƙwaya da tawaye ga manya ba tsoro. Gidan rediyon gwamnati ya hana sa waƙar Sugar Man, kuma yadda aka hana ɗin abin kallo ne: ma'aikaci zai ɗauki abu mai tsini ya karce layin waƙar a jikin faifan, ta yadda ko mai gabatar da shiri ya yi ganganci ya ɗora allura a wurin, ba abin da zai fito sai ƙara. Irin waɗannan faya-fayan da aka karce suna nan a ma'adanar gidan rediyon. Hanin bai yi komai ba sai ƙara wa faifan farin jini. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an sayar da kwafi wajen rabin miliyan, ban da waɗanda aka kwafa a kaset daga hannu zuwa hannu. Tun da ba wanda ya san komai game da mai muryar, sai jita-jita ta cike gurbin: wasu suka ce ya harbe kansa a kan dandamali, wasu suka ce wuta ya cinna wa kansa a gaban 'yan kallo. Shekara sama da ashirin ana sayar da muryarsa a kantuna, da lasisi da rasit, shi kuma ko anini bai shiga aljihunsa ba daga can.

Mutum biyu ne suka ƙi yarda da jita-jitar haka nan: Stephen Segerman, wanda daga baya ya buɗe kantin faya-fayai a Cape Town, da ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom. Abin lura shi ne dabarar da Strydom ya fara da ita. Ya ce a ransa duk faifan da ake sayarwa akwai wanda ake aika wa kuɗinsa, saboda haka in aka bi sawun kuɗin za a kai ga mai waƙar ko magadansa. Ya bi, kamfanonin Afirka ta Kudu suka ce su dai suna aikawa waje, sawun ya ɓace a hanya. Sai ya koma ga baitocin, ya tsinci sunan garin Dearborn da ke maƙwabtaka da Detroit, daga nan ya kai ga Mike Theodore a waya a 1997, wanda ya shaida masa cewa mutumin da suke makoki yana nan da ransa. A daidai wannan lokaci 'yar Rodriguez, Eva, ta ci karo da shafin da aka buɗe a intanet don nemansa. Ranar 6 ga Maris 1998 Rodriguez ya hau dandamali a Bellville Velodrome da ke Cape Town. 'Ya'yansa sun ba da labarin cewa da suka sauka daga jirgi suka ga dogayen motocin alfarma, sai suka ratse gefe don kada su tare wa manyan baƙi hanya, ba su san su ake jira ba. A zauren kuwa, makaɗin jita mai kaurin amo ya yi ta maimaita buɗin waƙar farko, dubban mutane na tsaye suna ihu da kuka, aka daɗe Rodriguez bai samu damar buɗe baki ba. Da ya samu, sai ya gode musu da suka raya shi.

Ba mai zuciya da zai kalli wannan dare bai motsu ba. Amma a lura da abin da ya faru da tambayar farko. An fita neman kuɗi da mutum, aka samu mutumin, murna ta sa aka ajiye maganar kuɗin. Wannan ajiyewa ita ce ta zama al'adar tunawa da shi har bayan mutuwarsa.

Fim ɗin Searching for Sugar Man, wanda Malik Bendjelloul ɗan ƙasar Siwidin ya shirya, shi ya kai labarin duniya a 2012, ya kuma ci kyautar Oscar a 2013. Aiki ne na gwani, wanda aka yi cikin ƙarancin kuɗi har sai da aka ɗauki wasu sassansa da wayar hannu, kuma mai shirin bai daɗe yana cin moriyarsa ba, ya rasu a 2014 yana da shekara 36. Sai dai fim ɗin ya bar wani babban abu a waje. Rodriguez ya yi suna a Ostareliya tun a shekarun 1970, wani kamfani a can ya sake buga waƙoƙinsa, shi kuma ya je ya zagaya ƙasar yana wasa a 1979, ya koma a 1981 har ya haɗa dandamali da ƙungiyar Midnight Oil. Masu kare fim ɗin na cewa ai labarin 'yan Afirka ta Kudu ake bayarwa, su kuma ba su san da wannan ba a lokacin. Hujja ce mai ƙarfi ga mai shirya fim, domin kowane mai ba da labari yana zaɓe. Amma ba hujja ba ce ga wanda ya zo rubuta tarihin mamaci shekara goma sha ɗaya bayan haka, lokacin da kowa ya san gaskiya. Sanin zuwansa Ostareliya yana canza fuskar mutumin gaba ɗaya. Yana nuna cewa ya taɓa ganin dubban mutane suna rera waƙarsa, ya san abin da yake da shi, sannan ya dawo gida ya ɗauki guduma ya koma rusau, ba don bai san darajarsa ba, sai don kasuwar ba ta bar masa wata hanya ba. Wannan ya fi tatsuniyar ciwo, shi ya sa ba a cika son faɗinsa ba.

Maganar kuɗin ta fito a fim ɗin sau ɗaya da ƙarfi, lokacin da aka zaunar da Clarence Avant aka tambaye shi. Ya yabi Rodriguez har idonsa ya kawo ruwa, ya ce abin da aka sayar a Amurka bai wuce a ƙirga da yatsu ba, amma da aka zo kan kuɗin Afirka ta Kudu sai ransa ya ɓaci, ya nuna ba zai ɓata lokacinsa a kan yarjejeniyar 1970 ba. Adalci ya sa a faɗi cewa Avant babban mutum ne a tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, shi ya ɗaga Bill Withers, ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa, kuma kamfanin da ya rushe a 1975 takardunsa kan watse a hannaye da dama. Ban ɗora masa laifin da kotu ba ta ɗora masa ba. Amma abin da ya biyo baya ya isa a yi nazari. A 2014 kamfanin Gomba Music na Harry Balk ya kai kamfanin Avant ƙara a wata kotun tarayya a Michigan, yana zargin cewa an rubuta sunayen Jesus Rodriguez da Sixth Prince a matsayin marubutan waƙoƙin Cold Fact ne don a kauce wa wata yarjejeniya da Rodriguez ya riga ya sa wa hannu da Balk. Ɓangaren Avant ya mayar da martani ta hanyar jawo Rodriguez ɗin kansa cikin shari'ar. Wato da waƙoƙin suka fara kawo kuɗi na gaske, 'yan kasuwa biyu ne suka tashi suna jayayya a kan wa ya mallake su, mai waƙar kuma ya tsinci kansa a cikin waɗanda ake tuhuma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Avant ya rasu ranar 13 ga Agustan 2023, kwana biyar kacal bayan Rodriguez, kuma ba kasafai masu alhinin ɗayan suka ambaci ɗayan ba.

Babbar hujjar da za a kawo mini ita ce halin mutumin kansa. Za a ce ai shi bai yi ƙorafi ba. Da kuɗi suka zo a ƙarshen rayuwarsa, daga wasannin da ya yi a manyan bukukuwa irin su Glastonbury da Coachella a 2013, rabar da yawancinsu ya yi ga 'ya'yansa da abokai, ya ci gaba da zama a tsohon gidansa. Ko bikin Oscar bai je ba, don kada ya shiga gaban masu fim ɗin. To wane ne wani da zai yi fushi a madadin wanda bai yi fushi ba? Amsata ita ce yafiya hakkin wanda aka cuta ce, shi kaɗai ke da ikon bayar da ita, kuma ba ta zama izini ga 'yan kallo su daina kiran cuta da sunanta. In maraya ya girma ya ce ya yafe wa wanda ya cinye gadonsa, za mu yaba masa, amma ba za mu ce cin gadon marayu ya halatta ba, ba kuma za mu riƙa ba da labarinsa don mu koya wa sauran marayu yin shiru ba. Akwai haɗari a yadda ake yayata wadatar zucin Rodriguez, domin saƙon da matashin mawaƙi ke ɗauka shi ne mai fasaha na ƙwarai ba ya tambayar kuɗi, wanda ya tambaya kuwa ya zubar da girmansa. Wannan saƙo ba wanda yake yi wa amfani sai masu riƙe da takardun yarjejeniya. Sannan a duba abin da jinkirin ya ci. Lokacin da duniya ta buɗe masa ƙofa ya haura saba'in, hawan jinin ido ya cinye yawancin ganinsa, sai an riƙe hannunsa ake kai shi gaban makirfo. Faifai na uku na sababbin waƙoƙi bai taɓa fitowa ba. Shekarun da ya kamata ya yi yana rubutu, a cikin ƙurar gine-gine suka ƙare, kuma ba tafin da zai dawo da su.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Za a ce masoyan nan su ne kaɗai ba su ci amanarsa ba a duk labarin. Sun sayi faifan da kuɗinsu, sun riƙe shi lokacin da ƙasarsa ta watsar da shi, su suka nemo shi, su suka cika masa zaure. In da ba su, da ya mutu lebura wanda ba a sani ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake ɗora musu nauyi. Mutanen da suka iya gano wanda aka ce ya mutu, daga wata nahiya, da wayar tarho da baitin waƙa, ba za a ce ba su da ƙarfin matsa wa kamfanonin ƙasarsu lamba su buɗe littattafansu ba. Mai saye yana da murya a kasuwa. Yaro ɗan shekara sha bakwai da ya sayi faifai a Durban a 1978 ba shi da laifin komai, bai san inda kuɗinsa za su ba. Amma shi wannan yaron, da ya zama dattijo mai rubuta ta'aziyya a 2023, ya riga ya sani, kuma abin da ya zaɓa ya faɗa ko ya bari yanzu nasa ne.

Akwai kuma wani ƙarin gishiri da ya shiga tunawar, wato cewa waƙoƙin Rodriguez sun taimaka wajen rusa mulkin wariyar launin fata. A nan ma akwai ƙwayar gaskiya. Mawaƙan Afirkana da suka yi yunƙurin Voëlvry a 1989, irin su Koos Kombuis da Willem Möller, sun shaida cewa daga wurinsa suka fara gane ana iya yi wa hukuma tsaurin ido da waƙa, kuma tsagewar da aka samu a cikin gidan masu mulki ba ƙaramin abu ba ce. Sai dai masu sauraronsa galibi fararen fata ne, kuma da yawansu sun ji daɗin waƙar, suka sa kakin soja suka tafi bakin iyakar Angola ko sintiri a unguwannin baƙaƙe. Waƙoƙin da aka yi gwagwarmaya da su a Soweto da sauran wurare na wasu ne: na Vuyisile Mini da aka rataye a 1964, na Miriam Makeba da aka hana ta komawa gida a 1960 ko don jana'izar mahaifiyarta, na Hugh Masekela da Abdullah Ibrahim. In aka ɗaga Rodriguez zuwa sahun waɗannan, ba shi ake girmamawa ba, domin bai ma san ana sauraronsa a can ba. Masu sauraron ne ke gyara tarihin ƙuruciyarsu, suna mayar da jin faifai a ɗaki wani nau'in gwagwarmaya. Shi da ya yi rayuwarsa a cikin talakawa, ba na jin zai so a rage wa wani Bazulu ko Baxhosa lada don a ƙara masa.

Ita dai wannan ƙasa ta Afirka ta Kudu ta nuna yadda tunawa mai amfani take. A 1939 Solomon Linda, Bazulu mai aikin ƙarfi a Johannesburg, ya naɗi waƙar Mbube a kamfanin Gallo, aka sallame shi da 'yan sulalla. Waƙar ta tsallaka Amurka, Pete Seeger da ƙungiyar Weavers suka rera ta da wani suna, a 1961 aka sake mata riga ta zama The Lion Sleeps Tonight, daga baya ta shiga fim ɗin The Lion King. Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, aka yi shekaru kabarinsa ba ko alama. A shekarar 2000 ɗan jarida Rian Malan ya bi sawun kuɗin dalla-dalla a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara miliyoyin daloli. Rubutun ya tayar da ƙura, lauyoyi suka shiga, aka shigar da ƙara a 2004, a 2006 aka yi sulhun da ya ba magadan Linda kaso. Bai wanke dukan zaluncin ba, kuma ya zo a makare ƙwarai. Amma ya tabbatar da cewa mai ƙaunar waƙa zai iya wuce hawaye ya kai ga takarda da lissafi. Shi wannan Malan yana cikin waɗanda suka yi magana a fim ɗin Rodriguez. Hanyar a buɗe take, an san ta, an taɓa bin ta.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala, ko da yake tamu ta zo ta wata fuska. A al'adarmu mawaƙi daga hannun ubangida da jama'ar da ke wurin biki yake samun abinsa, riga ko doki ko mota ko kuɗin da aka liƙa masa, saboda haka da kaset ya zo sai aka ɗauke shi kamar talla ce kawai, ba dukiya ba. Wannan lissafi yana tafiya muddin mawaƙin na raye yana zuwa biki. Ranar da ya kwanta dama, kyauta ta yanke, muryar kuma ta ci gaba da aiki. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har gobe muryoyinsu na tashi a tashoshin mota da shagunan masu tura waƙa a waya, da gidajen rediyo, da shafukan YouTube da ake sa wa talla ana karɓar kuɗi. Duk shekara in ranar rasuwarsu ta zagayo akan cika Facebook da hotuna da addu'o'i, kuma addu'a abu ce mai kyau da mamaci ke bukata. Amma mu da muka san nauyin haƙƙi, muka san cewa abin da mamaci ya bari na magadansa ne, bai kamata a ce tambayar wa ke karɓar kuɗin waƙar ta fi ƙarfin bakinmu ba. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa kula da ita. Doka ba ta tashi da kanta sai an ɗauke ta an kai gaban hukuma.

Saboda haka kirana ga masoyan Rodriguez, da masoyan duk wani mawaƙi da ya riga mu gidan gaskiya, shi ne in za a ba da labarinsa a ba da shi cikakke: da Ostareliya, da takarar da ya faɗi, da shari'ar 2014, da idon da ya tafi kafin duniya ta waiwaye shi. Masu gidajen rediyo da masu shafukan da ke cin abinci da muryoyin tsofaffin mawaƙanmu su nemi iyalansu su zauna da su a yi magana a rubuce. 'Yan jarida kuma, idan ranar tunawa ta zo, su aika wakili kamfani da hukumar haƙƙin mallaka ya tambayo wa ke riƙe da waƙoƙin, nawa suka kawo bara, kuma nawa ne ya isa gidan mai su.